Famfon Baƙin Mai da Baba Ya Zaɓa

A gidanmu na Kakuri abu biyu ne ba a ɗaga wa murya, Baba da motarsa. Motar ma ta fi shi, domin Baba wani lokaci Inna takan faɗa masa gaskiya, ita kuwa motar ban taɓa ganin wanda ya isa ya ce ta tsufa ba. Gwaggo muke ce mata. Fara ce a da, yanzu ta koma launin kunun gyaɗa, irin motocin nan da ake haɗawa a masana'antar bayan unguwarmu tun ban san kaina ba. A can Baba ya ƙarar da ƙarfinsa, a sashen haɗa inji, har ya zama foman. Da ya tashi sayen mota bai sayi kowacce ba sai wadda shi da hannunsa ya ɗaure injinta.

Duk baƙon da ya shigo gidan, ko mai karanta mitar wuta ne, sai an kai shi gaban Gwaggo. Baba ya dafa ta, ya gyara murya.

"Injin nan da kake ji, tun daga noti na farko ni na ɗaura shi. Ba a taɓa sauke shi ba."

Baƙo ya jinjina kai. Ni kuma in tsura wa takalmina ido, domin injin da Baba yake magana a kai ya mutu a hannuna shekara goma sha takwas da suka wuce.

Ga yadda aka yi. Shekarar da Baba ya ajiye aiki ya tafi aikin Hajji. Ya damƙa wa Inna makullin, ya ce ko mota ta kama wuta kada wanda ya taɓa ta sai ya dawo. Inna ta ɓoye makullin a kwanon samira na can saman jere, wurin da kowa a gidan ya san nan take ɓoye komai. Ni lokacin na gama karatun koyarwa, ina neman wata yarinya a Makera, wadda har zuwa ranar ba ta taɓa ganina a kan abin da ya fi keke ba. Wata la'asar na ɗauki Gwaggo, na ɗauki yarinyar, na ce zan kai ta hanyar Rido ta ga wutar matatar mai. Yau in na tuna, ban san abin da ke cikin ganin wuta ba, amma a lokacin ya yi mini kama da wayewa.

Muna dosar wurin na ji ƙwanƙwasa daga gaba kamar ana dakan fura a cikin injin. Na ƙara murya a hirata don kada ta ji. Can aka yi wata ƙara guda, motar ta yi tari, ta tsaya cik. Ga matatar mai a gabanmu, ga Gwaggo rashin baƙin mai a inji ya kashe ta.

Wanda ya zo ya ja mu shi ne bakaniken gidanmu, mutumin Filato, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Baba a masana'anta kafin ya buɗe garejinsa. Kawu muke ce masa tun muna yara. Ya saurari labarina, ya ce injin ya buga, ƙarfe ya ci ƙarfe, babu abin da za a tsinta a ciki.

"Jar wutan mai bai kawo maka ba?" ya tambaye ni.

"Wallahi, Kawu, ban ga wata wuta ba."

Ya zura kai ta taga, ya ɗan kankare wani abu a gilashin dashbod da farcensa. Sannan ya ce, "Ka ce yarinya yana gefenka?"

Na ce e.

Ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin ita ce hukuncin da na ɗauka na rataya a wuya. Na yarda wutar ta kawo, ni ne idona ke wani wuri. Yarinyar, wadda yanzu ita ce uwar 'ya'yana huɗu, har gobe takan ce ita kaɗai ce macen da kyanta ya taɓa narkar da ƙarfe a jihar nan.

Saura kwana goma sha ɗaya alhazai su fara dawowa. Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta dai sa aka fita da keken ɗinkinta, bai kuma dawo ba. Kawu ya samo inji na kamfanin da ya haɗa na Gwaggo, sai dai shi daga jikin wata a-kori-kura aka sauke shi, wadda ta yi rayuwarta tana dakon doya daga Binuwai. Ya ɗora masa murfin tsohon injin da duk abin da ido zai fara gani. Muka kwana biyu muna shafa masa tsohon baƙin mai da ƙasa don ya yi kama da ɗan gida. Ban taɓa wahala wajen wanke abu kamar yadda na wahala wajen ɓata wannan injin ba.

Baba ya dawo. Washegari ya tayar da motar, ya tsaya ya saurara. Ya daɗe a tsaye, sannan ya rufe murfin ya ce a kawo masa shayi. Da ya tambayi keken ɗinki, Inna ta ce ta ba ƙanwarta aro. Shi ke nan. Na ce a raina Allah ya rufa asiri, kuma daga ranar duk wanda aka kawo gaban Gwaggo ni nake fara sunkuyar da kai.

Shekaru suka tafi. Idon Baba ya fara dushewa, hawan jinin ido, in ji likita. Da farko tuƙin yamma ya bari, daga baya ya bar tuƙin gaba ɗaya, har ta kai sai dai ya gane mutum da murya. Ni nake zuwa in kai shi masallacin Juma'a da asibiti. Amma makulli yana aljihunsa. Kowace safiya sai ya lallaɓa ya shiga, ya tayar da ita, ya zauna yana saurare. A gidan yanzu jikoki ne ke karanta masa takardar magani, Inna ce ke zaɓa masa hula. Abu ɗaya ya rage wanda har yanzu shi ne mai magana ta ƙarshe a kansa, shi ne injin nan. Na san haka, shi ya sa ƙaryar ta ƙara yi mini nauyi maimakon ta yi sauƙi.

Daminar bara, muna dawowa daga asibiti a cikin cunkoson Sabon Tasha, jar wutar mai ta fara ƙyafta mini ido. In na taka totur ta ɗauke, in na saki ta dawo. Kafin in yanke shawarar ko in faɗa, Baba ya ɗaga yatsa.

"Kai wannan, kashe ta."

Ni ɗan fari ne, sunana ba ya fitowa daga bakin Baba. "Kai wannan" shi ne sunana na gida, ko da kuwa ɗalibaina suna wurin.

"Me ka ji, Baba?"

"Saman injin ya bushe. Mai ba ya hawa. Famfo ne."

Kawu ya zo ya ɗaura agogon gwajin ƙarfin mai, ya bar injin ya yi zafi, ya tabbatar. Famfon baƙin mai ya gaji. Ga wanda bai sani ba, wannan famfo ɗan ƙarfe ne da bai fi dunƙulen hannu biyu ba, yana rataye a cikin kaskon ƙasan inji inda mai ke taruwa. Yana da wuya da ke sauka cikin man, da rariya a ƙarshen wuyan. Shi ke zuƙo mai ya tura wa kowane ƙarfe da ke motsi. In ya daina, abin da ya faru a hanyar Rido ne zai sake faruwa.

To, a garin nan akwai ƙa'ida ɗaya ta sayen kayan tsohuwar mota, ko ɗan acaɓa ya san ta: ba a zuwa da baki, da samfur ake zuwa. Ka kwance tsohon, ka naɗe shi a leda, ka kai shago a aza shi kusa da sabo a gwada. Mota mai shekaru irin na Gwaggo, sunan da ke rubuce a bayanta ba ya gaya maka abin da ke cikinta. Kawu ya ce bari ya sauke kasko ya ciro samfur. Zuciyata ta yi sanyi, domin in aka tafi da samfur, za a sayo daidai, a ɗaura, kowa ya kama gabansa.

Baba ya ce, "Ba a buɗe mini ciki sau biyu. Ranar da za a sa sabo, ranar za a buɗe."

"Foman, samfur fa?" in ji Kawu.

Baba ya daki ƙirji. "Ni ne samfur."

Haka muka ɗauki samfur ɗinmu da babbar rigarsa da sandarsa, muka sa shi a Keke Napep, muka nufi layin masu kayan gyara. Shagon da Kawu ya kai mu na wata mata ne, 'yar Binuwai, da ta gaji sana'ar daga mijinta ta kuma fi shi saninta. Tana ganinmu ta miƙo hannu.

"Ina samfur?"

Kawu ya nuna Baba da haɓa. Matar ta dube shi daga hula zuwa takalmi, ta jawo masa kujera.

Na ga Baba a masallaci, na gan shi a taron biki, amma ban taɓa ganinsa kamar yadda na gan shi a wannan shagon ba. Ta fara miƙo masa wani famfo sabo fil a kwali mai sheƙi. Ya ɗaga shi, ya jijjiga a tafin hannu, ya miƙa mata.

"'Yata, wannan a kai wa masu yin tukunya. Ba shi da nauyin kirki."

Ta kawo na Beljiyam, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, an wanke shi da fetur yana ƙyalli. Ya kama sandar famfon da yatsa biyu ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya kai kunne.

"Kin ji? Haƙoran sun saki. Wannan ya fi nawa gajiya, wanka kawai aka yi masa."

Na uku ya ce a zuba masa ɗan mai a ciki, ya toshe mafitar da babban yatsa, ya murza. Man ya tsartu ta gefen murfin ya ɓata mini riga. Baba ya ce to, ga amsa nan a jikin malamin makaranta. Kafin nan maƙwabtan shago sun fara taruwa. Wani ya ce wannan tsoho injiniya ne. Baba ya ce a'a, injiniyoyi su ne masu farar riga da suke zuwa su tambaye mu.

Matar ta yi dariya, ta shiga can ƙuryar shagon, ta daɗe. Ta fito da abu biyu a naɗe cikin takarda mai maiƙo da ta yi ruwan ƙasa don tsufa. Ta ce tsohon ajiyar mijinta ne, ba a taɓa ɗaura su ba. Baba ya karɓi na farko, bai ko buɗe ba, ya kai takardar hanci. Fuskarsa ta canza. Ya ce haka sito ɗinsu na masana'anta yake wari da safe in an buɗe ƙofa. Ni dai tausayinsa ya kama ni.

Ya buɗe ya bi shi da yatsa. "Ramin noti uku. Gajeren wuya. Rariya zagayayya. Shi ne."

"Baba, tsaya," in ji matar. "Taɓa ɗayan. Kansu ɗaya, ramin noti ɗaya, duk wanda ka ɗaura zai hau. Wuya ne ya bambanta. In kaskonka mai zurfi ne ka sa gajere, rariya ba zai taɓa mai ba, iska zai sha. Kaskon motanka wane iri ne?"

Baba ya shafa ɗayan tun daga kai har ƙarshen dogon wuyansa, ya ture shi.

"Mai zurfi ai na a-kori-kura ne. Ki dube ni da kyau, 'yata, na yi miki kama da mai dakon doya?"

Mutane suka fashe da dariya. Kawu ya take mini ɗan yatsan ƙafa da takalminsa na aiki, bai ɗaga ba sai da hawaye ya zo mini.

Ba sai an zana mini ba. Kaskon Gwaggo mai zurfi ne. Da a ce famfon Baba zai ƙi hawa, da sai mu ce kuskuren shago ne mu canza. Amma zai hau lafiya lau, a rufe, a tayar, ya yi ta zuƙar iska har injin ya buga kafin mu isa gida. In na yi shiru, na kashe wa Baba mota karo na biyu. In na yi magana, na gaya wa makahon tsoho cewa abin da yake taƙama da shi a gaban duk Kakuri, injin doya ne.

Sai na yi abin da matsoraci ke yi, na nemi hanya ta uku. Washegari na koma shagon ni kaɗai na karɓi mai dogon wuyan. Matar ta naɗe mini shi tana kallona ta ƙasan ido.

"Malam, ni na san motan da ya haɗiye inji in na ga ɗan gidan yana zufa."

Dabarata ita ce in musanya su a ɓoye. Abin da ban lissafa ba shi ne Baba. Famfon nan ya koma aljihun babbar rigarsa ya tare a can. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake zama cin tuwo. Rigar ta karkace gefe guda, Inna ta ce in ya taho daga nesa sai ka ce mai ciwon haƙarƙari. Na jira ya shiga wanka, na lallaɓa ɗakinsa, ashe rigar tana rataye a ƙusar bayi ta ciki. Na sa matata ta ce za ta wanke masa rigar, ya cire famfon ya riƙe a cinya har rigar ta bushe.

Na je wa Inna. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Inna, ko ke za ki shirya masa maganar a hankali?"

"Ni na ba da keke. Ba zan ba da baki ba."

Na je wa Kawu, na roƙe shi in ya shiga ƙarƙashin mota ya karɓi na Baba ya ajiye, ya ɗaura nawa. Ya goge hannu da tsumma.

"Mutumin da ya san nauyin famfo da tafin hannu, kana gani ba zai shafa ya ji me na ɗaura ba? Foman ne ya koya mini riƙe sifana. In ya ce ɗaura, zan ɗaura."

"Ko da injin zai mutu?"

"Wannan kuma bakinka ne, ba sifana na ba."

Na fita daga garejin ina jin haushinsa, ina jin haushin Inna, ina jin haushin matar shago, har da wanda ya fara tunanin yi wa famfo wuya iri biyu. Kaina kaɗai na ƙyale.

Ranar Asabar da hantsi aka tura Gwaggo kan ramin garejin Kawu, wanda ke jikin katangar tsohuwar masaƙa. An yi ruwa da asuba, ƙasa duk caɓi. Aka ajiye wa Baba benci a bakin ramin. Ni na tsaya a gefe da jakar makaranta a kafaɗa, mai dogon wuyan yana ciki tsakanin takardun jarrabawar ɗalibai. Kawu ya tsiyaye mai, ya kwance kasko, ya ciro tsohon famfon. Wuyansa kamar na raƙumin dawa. Ya ɗago shi.

"Foman, ga tsohon. Za ka taɓa?"

"Jefa shi can. Na san shi."

Baba ya zura hannu a aljihu, ya fito da nasa, ya sa aka cika shi da sabon mai, don ya ce ba a ɗaura famfo da busasshen ciki. Ya miƙa ƙasa. Na ji ƙarar sifana.

"Noti ɗaya ya shiga," in ji Kawu daga cikin rami.

"Madalla," in ji Baba.

Na ce a raina watakila man zai ɗan kai ga rariyar in an cika kasko fiye da ƙima. Na san ƙarya nake yi wa kaina.

"Na biyu ya shiga."

Na dubi Baba. Ya ɗora hannu biyu a kan sanda, ya ɗan karkata kai wajen motar, fuskarsa cike da jin daɗi. Na hango shi a raina a tsaye a hanyar asibiti in injin ya buga, ba ya ganin komai, yana tambayar me ya faru da aikin hannunsa. Wannan ne na kasa ɗauka.

"Kawu, tsaya. Baba, a tsaya."

Na durƙusa a cikin caɓin nan, da wandona na zuwa aiki, na faɗi komai. Kwanon samira, hanyar Rido, a-kori-kura, ƙasar da muka shafa. Ban tsallake ko keken ɗinki ba. Ina ta bayani kamar ɗan firamare, ga ni da furfura a gemu.

Baba ya juya fuska wajen ramin.

"Nawa ka ɗaura?"

"Biyu, Foman."

"Ka gani? Ni na ce a na farko zai yi magana. Kai ka ce sai na uku. Ashe ɗan nawa tsaka-tsaki ne."

Kawu ya fashe da dariya a cikin rami har sifana ta faɗi.

"Baba, da ma ka sani?"

"Kai wannan, in aka canza maka uwa da wata mata aka ɗaura mata zanen uwarka, sai an gaya maka? Tun kafin in saki makulli na ji. Injina yana magana ta hanci, wannan ta ƙirji yake yi. Ga ƙasar da kuka shafa, har kan wayar filogi. Wace ƙura ce take hawa da shatin yatsu?"

Kunya ta tafi, haushi ya zo. Shekara goma sha takwas ina kallon takalmi a gaban masu karanta mita.

"To me ya hana ka faɗa, Baba?"

Ya gyara hula. Ya ce Kawu ya kwance notin nan biyu, lokaci yana tafiya.

Kawu bai kwance ba. Ya hauro daga ramin, ya zauna a bakinsa, ƙafafu a ciki.

"Foman, saura naka. Na gaji da ɗaukan kayan mutum biyu, bayana ya tsufa."

Baba ya daɗe yana murza kan sandarsa. Da ya buɗe baki, muryar ba ta foman ba ce.

"Ranar da injin ya buga, ka ce ba ka ga jar wuta ba."

"Ban gani ba."

"Ba za ka gani ba. Na liƙe ta."

Ashe mako biyu kafin tafiyarsa wutar ta fara ƙyaftawa. Ya san famfo ne. Amma lokacin yawon sallama ne, kullum mota cike da abokan aiki da dattawan unguwa, kowa ya san waye ya haɗa injin. Ya ji kunyar a ga jar wuta a motar foman. Sai ya yanki ɗan baƙin salatif na masu gyaran wuta ya manna a kanta, da niyyar in ya dawo ya canza famfon a asirce. Abin da Kawu ya kankare da farce ke nan.

"Na ce kada a taɓa, ka taɓa, wannan naka ne," in ji Baba. "Amma ni na rufe mata ido. Da na dawo na ji baƙuwar murya, na san in na tambaye ka, sai ka ce ba ka ga wuta ba, ni kuma sai in faɗi dalili. Sai na ga ai kai ma ka yi shiru. Na ce to, mu tafi a haka."

"Da baƙin da kake gaya wa ba a taɓa sauke shi ba fa?"

"In na daina faɗa rana ɗaya, ai uwarka za ta gane na gane."

Kawu, wanda Hausarsa ba ta raba mace da namiji, ya ce, "Hajiya? Shi ne ya fara tambaya na wane ne ya liƙa abu a gilashi. Ya gani tun ba ka tafi Hajji ba."

Baba ya ce in mun tashi daga nan mu biya layin masu keken ɗinki, aron nan na ƙanwar Inna ya yi tsawo.

Na ciro mai dogon wuyan daga jaka. Baba ya karɓa, ya bi shi da yatsa, ya juya sandar famfon a kunne, ya ce ba laifi, doya ma abinci ce. Shi ya cika shi da mai da kansa. Na tambaye shi, da ban yi magana ba fa, da ya bari an rufe? Ya ce da ya tsayar a na uku, amma da bai ba ni abin da ke ɗaya aljihun ba. Ban gane ba a lokacin, ban kuma tambaya ba.

Kawu ya ɗaura, ya mayar da kasko, ya zuba mai. Aka turo Gwaggo daga kan rami. Na kama hannun Baba zan kai shi kujerar direba kamar yadda ya saba in za a tayar, ya ce a'a, ɗaya gefen. Ya zauna, ya lalubo ɗaya aljihun, ya fito da makulli. Na miƙa hannu in karɓa kamar kullum, sai ya kama hannun nawa ya dunƙule yatsuna a kan makullin, ya riƙe.

"Ba na ganin wutar nan yanzu," ya ce. "Ko ta kawo ko ba ta kawo ba, sai abin da aka gaya mini. Shi ya sa nake so in san bakin da zai gaya mini."

Na murza. Injin doya ya kama da muryarsa ta ƙirji. Jar wutar tana nan a kunne. Na tsura mata ido, ban ko ƙyafta ba. Baba ya miƙa yatsa yana lalube a gilashin dashbod har ya tsaya daidai wurin, wurin da ya taɓa liƙewa.

"Ta ɗauke?"

"Ba ta ɗauke ba tukuna, Baba."

Ya gyaɗa kai. Muka jira. Sai ta ɗauke.

"Yanzu ta ɗauke."

Bai ce in rantse ba. Ya janye yatsansa, ya jingina da kujera, ya ce mu je gida. Da muka isa na kashe mota na miƙa masa makullin, ya riga ya buɗe ƙofa yana neman ƙasa da sandarsa, bai karɓa ba.